Tambaya da Amsa: In ƙurar nukiliya ta tashi a ƙasar ƙanƙara, ya ake yi?

Tambaya: Salam Malam. Na ji ana cewa in ƙurar nukiliya ta sauka a jikin mutum, abu na farko ya tuɓe kaya ya yi wanka. To mutanen can ƙuryar arewacin duniya fa, irin su Girinlan, inda ruwa ke daskarewa nan take? Ko dai irin haka ba ta taɓa faruwa a can ba? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikis salam. Ta faru mana Malama. Ranar 21 ga Janairun 1968 jirgin yaƙin Amurka samfurin B-52 ɗauke da bama-baman nukiliya huɗu ya faɗo kan daskararren teku kusa da sansanin sojin saman Amurka na Thule a Girinlan. Allah ya taƙaita nukiliyar kanta ba ta tashi ba, amma fulutoniyam, wato sinadarin nukiliya mai guba da ke cikin bama-baman, ya watsu a kan ƙanƙara, ga shi lokacin rana ba ta fitowa sam, dare ne ba dare ba rana, har sai da aka nemi taimakon mutanen Inuwit, 'yan asalin yankin, da kekunan karnukansu. Haka aka dinga kankare baƙar ƙanƙarar ana durawa a tankuna ana sauri kar bazara ta zo ta narkar da ita cikin teku, daga baya aka kwashe zuwa Amurka. A 1978 ma tauraron ɗan adam na Tarayyar Sobiyet, Kosmos 954, ya tarwatse a arewacin Kanada da injin nukiliyarsa.

Batun tuɓe kaya gaskiya ne, cire kayan sama kawai na iya raba mutum da kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙurar. Amma wanda ya tuɓe a fili a irin sanyin can, ai sanyin ne zai gama da shi tun kafin ƙurar ta yi masa komai. Don haka ɗumi ake fara nema, a shiga gini ko tanti mai hita, a cire babbar rigar sanyi da safar hannu da takalmi daga bakin ƙofa a hankali ba kakkaɓewa, a ɗaure su a leda a ajiye nesa da mutane. In babu ruwan wanka a goge fuska da hannu da jiƙaƙƙen tsumma, a face hanci. A rufe taga a kashe na'urar da ke jawo iskar waje, kuma kar a kuskura a narka dusar ƙanƙarar waje don sha.

Ni a ganina nisa ma ya fi komai wahala. Asibiti na iya zama tafiyar awanni a jirgi, in guguwa ta taso helikwafta ba ya tashi, batirin na'urar awon tururin nukiliya ma sanyi na cinye shi da wuri, shi yasa dole mazauna wajen su iya matakin farko da kansu. Nowe tana shawartar 'yan ƙasa da shekara 40 da masu ciki da masu shayarwa su ajiye ƙwayar aidin a gida. Ita ƙwayar nan fa abin wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo kaɗai take karewa, daga aidin mai tururin nukiliya kawai, kuma ba a sha sai hukuma ta ce.

Sai abinci, wanda shi ne ke daɗewa. Bayan hatsarin tashar nukiliyar Chanobil na 1986 ruwan sama ya sauke siziyum, wani sinadari mai tururin nukiliya, a Nowe da Siwidin, gansakukar da barewar rendiya ke ci ta tsotse shi, makiyayan rendiya 'yan ƙabilar Sami suka wayi gari an hana sayar da naman dabbobinsu masu ɗimbin yawa. Siziyum 137 kuwa sai ya shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, shi yasa aka shafe shekaru ana auna dabbobin kafin yanka, ana kuma ba su tsaftataccen abinci in awon ya yi sama.