Tambaya da Amsa: Sojan Amurka da tallafin abinci na gwamnati

Tambaya: Na ji an ce akwai sojojin Amurka da ke bakin aiki suna karɓar tallafin abinci irin wanda ake ba talakawa. Anya kuwa? Ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan soja? (Wani mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Sunan shirin SNAP, Ma'aikatar Noma ce ke riƙe da shi, jihohi kuma su ke tantance masu nema. Kowane wata ana zuba kuɗi a wani kati, mai shi ya je kanti ya sayi kayan abinci. Katin ba ya sayen giya ko sigari ko sabulu, ba ya kuma sayen dafaffen abinci mai zafi. Dokar shirin ba ta ware soja ba, abin da take dubawa shi ne yawan mutanen gida da kuɗin da ke shigo musu.

A 2016 ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka ya ce sojoji kimanin 23,000 da ke bakin aiki sun karɓi tallafin a 2013, kuma tsakanin Satumban 2014 da Agustan 2015 an kashe fiye da dala miliyan 21 na katin a kantunan barikin soja. Masu buƙata sun ninka masu karɓa nesa ba kusa ba. Binciken Ma'aikatar Tsaro na 2020 ya nuna kashi 24 cikin ɗari na sojoji sun sha fama da ƙarancin abinci a shekarar. Galibi ba kwana da yunwa ake nufi ba. Abinci ne ke ƙarewa kafin albashi, sai a rage tukunya, ko iyaye su haƙura yara su ci. Waɗanda abin ya fi shafa su ne ƙananan sojoji masu mata da 'ya'ya.

Tambaya: Ɗana soja ne a Kalifoniya, bai cika shekara biyu da shiga ba, yana da mata da yara biyu. Ya nemi wannan tallafi an ce kuɗinsa ya yi yawa, alhali kullum kuka yake ba ya isarsu. Ina kuɗin yake tafiya? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, da wuya a ce ɗanki ya ɓoye miki wani abu. Lissafin ne ke da wata gargada, bari mu bi shi da alƙaluman 2024.

Kuɗin ƙaramin soja mai iyali kashi uku ne. Akwai albashi: wanda yake mataki na uku daga ƙasa, bai kai shekara biyu ba, yana ɗaukar dala 2,377 a wata. Akwai alawus ɗin abinci, dala 460, wanda an tsara shi ne don cikin sojan shi kaɗai, ba ya ƙaruwa ko da yara goma gare shi. Sai alawus ɗin gida, wanda ya danganta da muƙami da tsadar haya a garin da aka tura mutum.

A shekarar, ƙa'idar SNAP ta tarayya ga gida mai mutum huɗu ita ce kada abin da ke shigowa ya wuce dala 3,250 a wata, wato kashi 130 cikin ɗari na ma'aunin talauci. Albashi da alawus ɗin abinci sun tashi dala 2,837, ke nan ɗanki yana ƙasa da iyaka. Da a nan aka tsaya, za a cire masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin aiki, a ƙara cire wajen dala 200 da ake cire wa kowa, a ɗauki kashi 30 cikin ɗari na ragowar a debe daga dala 973, wanda shi ne mafi yawan abin da gida mai mutum huɗu ke samu. Zai tashi da kusan dala 350 a wata.

Amma ba a nan ake tsayawa ba. SNAP na lissafa alawus ɗin gida a matsayin kuɗin shiga. A gari irin San Diyego alawus ɗin ƙaramin soja mai iyali ya haura dala 3,000, don haka a takarda ɗanki na samun kusan dala 6,000. Kalifoniya na cikin jihohin da suka ɗaga iyaka zuwa kashi 200 cikin ɗari, dala 5,000 ke nan, duk da haka ya wuce. Kuɗin gidan nan kuwa mai gidan haya ne ke cinye shi, wani lokaci har da ciko, domin tun 2019 alawus ɗin kashi 95 cikin ɗari na kiyasin kuɗin haya yake biya, sauran daga aljihun soja. Shi ya sa wanda aka tura gari mai tsada ya fi saurin faɗuwa a tantancewa, alhali shi ya fi jin jiki. Zama a bariki ma ba lallai ya fisshe shi ba: yawancin gidajen iyali na bariki kamfanoni ne ke gudanar da su, ana rubuta alawus ɗin a takardar albashi sannan a miƙa wa kamfanin, kuma ana lissafa shi.

Ga abin da zai gwada. Idan matar tana da ciki ko tana shayarwa, ko akwai yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, ya nemi shirin WIC, wani tallafin abinci na mata da ƙananan yara. Iyakarsa kashi 185 cikin ɗari ce na ma'aunin talauci, kuma doka ta ba jihohi damar ƙin lissafa alawus ɗin gida, shi ya sa iyalan soja da yawa ke samunsa bayan SNAP ta ƙi su. Yana ba da madara, ƙwai, hatsi, kayan lambu da madarar jarirai. Ya kuma tambayi ofishin kuɗi na rundunarsa game da alawus ɗin buƙatun yau da kullum da aka fara biya a Janairun 2023. Idan bashi ne ya taso, ƙungiyoyin agaji na sojan ƙasa da na ruwa da na sama suna ba da rance marar ruwa, wani sa'in ma kyauta. Wannan ya fi masu ba da bashin kafin albashi, waɗanda ruwansu ke karya mutum. In kuma aka sake masa gari ko aka ƙara haihuwa, ya sake neman SNAP, ya tafi da takardar albashi, takardar haya, rasit ɗin wuta da na renon yara. Ana yanke hukunci cikin kwana 30. Mutane da yawa na mantawa da kuɗin renon yara, alhali ana cire shi gaba ɗaya daga lissafi.

Tambaya: Mutum yana da albashi, ga alawus, ga asibiti kyauta. In ya karɓi abincin talaka ba cin haƙƙi ba ne? Wataƙila rashin tattali ne kawai. (Wani malamin makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, Malam. Akwai sojan da ke cin bashin mota fiye da ƙarfinsa, kuma binciken cibiyar RAND na 2023 ya nuna ba 'yan ƙasan tsani kaɗai abin ke shafa ba, har da masu matsakaicin muƙami, wanda ke nuna albashi ba shi ne kaɗai dalili ba.

Sai dai ka duba abin da aikin kansa ke jawowa. Ana sauya wa soja gari duk shekara biyu zuwa uku. Matarsa ta bar aikinta, kafin 2023 ma in malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya sau da yawa sai ta nemi sabon lasisi a sabuwar jiha. Shekara da shekaru rashin aikin yi tsakanin matan soja da mazan sojoji mata yana wajen kashi 21 cikin ɗari, ya ninka na sauran jama'a sau da yawa. Kuɗin ƙaura kuma sau da yawa soja ke fara biya, a mayar masa daga baya. Gidan da aka tilasta wa dogaro da albashi ɗaya ba a ce masa marar tattali.

A ganinmu ya kamata su samu, bisa ma'aunin da ake auna kowa. SNAP ba tuwo ba ne a kwano ɗaya da in wani ya ɗiba wani zai rasa. Duk wanda ya cika sharaɗi doka ta ce a ba shi, yawan masu karɓa ba ya rage rabon kowa. Abin da ba shi da kan gado shi ne gwamnati ɗaya ta yi wa kuɗi ɗaya fassara biyu: hukumar haraji ba ta ɗaukar alawus ɗin gida a matsayin kuɗin shiga, SNAP kuwa tana ɗauka. An ma taɓa gwada wata hanya ta faɗi a kan wannan dutsen. A 2001 aka ƙirƙiro wani ƙarin alawus don a raba sojoji da katin abinci, aka lissafa kuɗin gida a cikinsa, masu cancanta suka zama 'yan tsiraru, aka soke shi a cikin Amurka a 2016. Alawus ɗin 2023 ya fara da iyakar kashi 130, aka kai shi 150, dokar kasafin tsaro ta 2025 ta kai shi 200, amma a mafi yawan wurare kuɗin gida na cikin lissafinsa. Gyaran da ya fi taɓa tushen matsalar shi ne na 2025, lokacin da aka ƙara wa matakai huɗu na ƙasa albashi da kashi 14.5 cikin ɗari.

Tambaya: Neman tallafin ba zai ɓata wa soja takarda a wurin manyansa ba? (Wani tsohon soja daga Jos)

Amsa: A'a, Yallaɓai. Ofishin jiha ake zuwa, ba a bi ta hannun kwamanda. Abin da masu tantance soja don riƙe sirri ke dubawa shi ne bashin da aka kasa biya da ɓoye shi. Wanda aka tura Jamus ko Japan ba zai samu SNAP ba, domin shirin ba ya aiki a ƙasashen waje, amma Ma'aikatar Tsaro na gudanar da nata WIC a can, kuma tsohon alawus ɗin nan na 2001 bai daina aiki ga waɗanda ke waje ba.