Tiyatar sankarar ƙwan mace a mataki na farko: dole sai an cire mahaifa?

'Yar'uwa, kin ce an gano wa ƙanwarki mai shekara 27 sankarar ƙwan mace a mataki na farko, ba ta taɓa haihuwa ba, kina tambaya ko za ta rayu kuma ko dole a cire mahaifa. Allah ya ba ta lafiya.

Ki kwantar da hankali. Idan cutar ba ta wuce ƙwan ba, kusan mata 9 cikin 10 suna nan da ransu bayan shekara 5.

Yawanci akan cire mahaifa da ƙwai biyu da bututunsu. Amma mai ƙuruciya kamarta, in ɓangare ɗaya ne kuma nau'in ba mai saurin yaɗuwa ba ne, ana iya cire wannan ɓangaren kaɗai a bar mata mahaifa.

Abin da na fi damuwa da shi, wa zai yi aikin. Likitan ba ƙarin kaɗai zai cire ba. Zai wanke cikin ya kai ruwan ɗakin gwaji, ya cire kitsen da ke lulluɓe hanji, ya ɗebi kaluluwa, don cutar kan ɓuya inda ido ba ya gani. Kuma a fito da ƙarin bai fashe ba. In ya fashe, matakin ya hau, wataƙila sai an ƙara mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara.

Don Allah kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Ku kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ɗauke da hoton ciki da sakamakon gwajin jini na CA-125, ta gaya wa likita tana son haihuwa tun kafin a sa ranar aiki.