Shin zanen aku yana taimakawa wajen kare tsuntsaye?

Tambaya: Ni mai zanen allunan shaguna ne a unguwar Zariya, nan Maradi, kuma masu shago suna yawan sa ni in zana musu aku saboda jar wutsiyarsa. Na ji an ce a wasu ƙasashe da zane ake ceton tsuntsayen da ke neman ƙarewa. Da gaske ne?

Amsa: Malam, da gaske ne, amma da sharaɗi. Zane yana aiki ne idan ya jawo kuɗin da za a kashe wa mazaunin tsuntsun, ko kuma ya sa mutanen wuri suka ɗauki tsuntsun a matsayin nasu, har suka fara jin kunyar a kama shi a gabansu.

Ta fuskar kuɗi, misalin da ya fi shahara na agwagi ne. Tun 1934 duk mai farautar agwagin daji a Amurka sai ya sayi wani kan sarki mai ɗauke da zanen tsuntsun ruwa, kuma kusan kashi 98 cikin 100 na kuɗin yana tafiya wajen sayen fadamu da kiyaye su.

Na aku kuwa ya faru a tsibirin Sent Lushiya da ke yankin Karibiyan, inda a tsakiyar shekarun 1970 aka ƙiyasta cewa akun da babu irinsa ko'ina sai can bai wuce 150 ba. Ma'aikatan gandun daji, tare da wani Bature mai suna Paul Butler, suka bi makarantu suna nuna wa yara hotonsa, aka manna shi a jikin motoci, aka buga shi a kan sarki, sannan a 1979 aka ayyana shi tsuntsun ƙasa. Yau adadinsa ya haura 1,000. Sai dai a lura cewa an haɗa zanen da doka mai tsanani da kuma keɓe dajin da yake sheƙa, kuma da ba don su ba, da hoton ya tsaya ado kawai.

Akun da kake zanawa, mai launin toka, ba ɗan dajinmu ba ne. Mazauninsa kurmin Kamaru da Gabon da Kwango da kudancin Najeriya, kuma wanda ake gani cikin keji a kasuwa galibi daga can aka kamo shi, bayan da yawa daga 'yan'uwansa sun mutu a hanya. Saboda haka ne a 2016 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. A nan nake jan hankalinka, domin kyakkyawan zanen aku a cikin keji talla ce ga masu kamawa, tunda yana sa mai kallo sha'awar ya mallaki nasa.

A ganina, tsuntsun da ya fi cancantar burushinka shi ne tsirya, koriya mai jan baki da doguwar wutsiya, wadda take tamu ce ta Sahel. Manoma ba su cika ƙaunarta ba don tana taɓa dawa, amma galibi wurin yin ƙwanta kogon tsohon itace ne, kuma shi ne abin da gatarin masu itacen girki ke fara cinyewa. Zana ta tana leƙowa daga kogon gawo, da gona a ƙarƙashinsa, domin manoman jihar nan da suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, tun shekarun 1980 su ga cewa itacen da suka bari yana da wani amfanin bayan takin da ganyensa ke zubawa. Kafin ka fara, ka je wajen dajin Baban Rafi da ke kudu da Maradi da sassafe ka kalle ta da idonka, za ka ga cewa namijin ne kawai ke da zobe a wuya. In ka gama, ka nemi izinin shugaban wata makarantar firamare ka zana ta a bangon da yara ke wucewa kullum, ka rubuta sunanta da Hausa a ƙasa.