Ku Tambayi Malam: Mahaifina ya rasu, sama ko gezau ba ta yi ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni malamin kimiyya ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Marwa ta ƙasar Kamaru. Mahaifina ya rasu kafin azumin da ya wuce, bayan gajeriyar jinya. Baduku ne, tun yana yaro yake aikin fata, jaka da takalmi da kube, kuma da wannan sana'ar ya biya mana kuɗin makaranta mu duka. Bayan sadakar uku na koma aji, darasin da ke gabana kuwa na taurari ne. Na rubuta wa yara a allo cewa haske yana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma sai ya yi minti 8 da 'yan kai kafin ya iso mu daga rana. Na rubuta cewa a gungun taurarin da muke ciki kaɗai akwai taurari sama da biliyan 100, kuma masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya sun kai biliyan 13.8. Ina cikin rubutu sai jikina ya mutu. Na ce a raina, to ina shekara sittin da 'yan kai na tsoho a cikin wannan lissafi? Ya rasu, rana ta fito kamar kullum, 'yan kilando, masu haya da babur, suna ta kai-komo a unguwar Domayo, rumfarsa har wani ya kama haya. Tun daga ranar salla ma yi kawai nake, zuciyata ba ta wurin. Don me aka yi duk wannan halitta? Mu kuma me muka zo yi, tunda ƙarshenta rami ne? Ina tsoron tambayar malaman unguwa, kada a ce boko ya lalata ni. Shin na fita daga Musulunci?

Ɗanka, daga Marwa.

AMSA

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, don na ga ita ta fi ci maka rai. Ba ka fita ba. Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun zo wurin Annabi (SAW) suka ce suna jin abubuwa a ransu waɗanda bakinsu ba zai iya furtawa ba don nauyinsu. Ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Da ba ka damu da imaninka ba, da ba ka zauna ka rubuto mini wannan takarda ba. Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi Ubangiji ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, aka tambaye shi ko bai yi imani ba ne, ya ce ya yi, yana so ne zuciyarsa ta natsu. Yana nan a Baƙara, aya ta 260. Mala'iku ma sun yi tambaya a kan hikimar sanya ɗan Adam a bayan ƙasa, a aya ta 30 ta wannan surar. Ba a kori kowa a cikinsu ba. Shi ya sa nake jin zafin ɗabi'ar nan da ta yi mana katutu, yaro ya zo da tambaya a ce masa ya yi istigfari ya rufe baki. Bakin zai rufu, tambayar kuwa tana nan, sai ya je ya nemi amsarta a intanet wurin wanda bai san shi ba, bai kuma damu da shi ba.

Ka ce mahaifinka ya rasu rana ta fito kamar kullum. Wannan ciwo kowane maraya ya san shi, kuma akwai labari a kansa da nake so ka riƙe. A shekara ta 10 bayan Hijira, Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), wanda Mariya ta haifa masa, ya rasu bai cika shekara biyu ba. A ranar sai rana ta yi husufi. Mutanen Madina suka ce ai saboda rasuwar yaron ne. Dubi uba a cikin wannan hali, hawaye na zuba, ga mutane sun miƙo masa magana mai sanyaya rai, wadda kuma za ta ƙara masa kwarjini a idon duniya. Ya ƙi karɓa. Ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Shi ne kuma ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. To ka ga abin da ka gano a gaban allo, cewa sama ba ta tsayawa don ɗayanmu, an faɗa mana shi tun da daɗewa, daga bakin wanda ya binne ɗansa a ranar. Ba a taɓa yi mana alkawarin rana za ta yi mana zaman makoki ba. Ita ma baiwa ce, aiki aka sa ta.

Lissafin da ka rubuta wa yara kada ka ji tsoronsa, ka ci gaba da koyar da shi da kyau. Bari ma in ƙara maka ɗaya. Idan sanyi ya shigo, sama ta washe, ka fita bayan isha'i ka dubi Kaza da 'ya'yanta. Hasken da zai shiga idonka ya baro can kusan shekara 440 da suka wuce, wato tun Mai Idris Alooma yana kan gadon Borno. Alƙur'ani bai ɓoye mana wannan girman ba. A surar Gafir, aya ta 57, ya faɗa ƙarara cewa halittar sammai da ƙasa ta fi halittar mutane girma. Wanda ma ya kawo hujjar cewa sararin samaniya yana buɗewa, a 1927, wani limamin coci ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, kuma lissafin bai raba shi da addininsa ba.

Inda tunaninka ya zame shi ne da ka ɗauki girma ka mai da shi ma'aunin daraja. Dutsen Mindif ya fi jaririn da aka haifa jiya girma da daɗewa nesa ba kusa ba, amma je ka nemo uwar da za ta yarda a yi mata musaya. Tauraro bai san yana nan ba. Mahaifinka ya san yana nan, ya san akwai ranar tafiya, kuma da sanin nan ya riƙa tashi da asuba yana fita nema muku.

Ni a nan Garwa, a unguwarmu, ina cikin waɗanda ake bugo wa ƙofa idan an yi rashi. Ka san yadda ake yi. A auna tsawon mamaci da kara, samari su tafi maƙabarta da diga da shebur, a watan Afrilu ƙasa ta yi tauri, zafi ya haura digiri 40, ana haƙa ana karɓa-karɓa. Idan an ajiye makara an daidaita sahu, kafin liman ya tayar da kabbara, sai wani ya ɗaga murya ya ce duk mai bin mamaci bashi ya yi magana. A janazar wani tela, wani dattijo ya fito ya ce yana bin sa sefa 500, kuɗin zare. Babban ɗan mamacin ya ce ya ɗauke. Sai wani saurayi daga bayan sahu, murya na rawa, ya ce shi kuwa marigayin ne ke bin sa ɗinkin kayan salla na shekara biyu, bai taɓa tambayarsa ba, ko a fuska bai taɓa nuna masa ba. Ba wanda ya yi dariyar sefa 500 ɗin nan, don kowa a wurin ya san Wanda ya ɗaga sammai ba da ginshiƙin da muke gani ba, shi ne ya ce wanda ya aikata alheri gwargwadon ƙwayar zarra zai gan shi, wanda ya aikata sharri gwargwadon haka zai gan shi. Shi ne ya ce ganye ba ya faɗuwa face ya san da shi. Kai da kake koyar da kimiyya ka fi ni sanin cewa halitta yadda ta yi nisa ta wajen girma haka ta yi nisa ta wajen ƙanƙanta. Ka ɗaga kai ka duba gefe guda ne kawai, a lokacin da zuciyarka take ɗanya.

Don me aka yi mu? An ba mu amsa a gajarce, a wurare biyu da kowane ɗalibi ya sani. A Zariyat, aya ta 56, don bauta. A Mulk, aya ta 2, an halicci mutuwa da rayuwa don a jarraba mu, wane ne zai fi kyautata aiki. Matsalarmu ita ce mun matse bauta mun mai da ita abin da ake yi a kan buzu kaɗai, har mutum ya ɗauka sa'o'in da ya yi a rumfa ko a aji ɓata lokaci ne tsakanin salla da salla. Ba haka malamanmu suka karantar da mu ba. Ka tuna mahaifinka zaune, fata a kan gwiwa, yana soka basilla yana jan zare. A kowane takalmi akwai ɗinkin da ke ciki, wanda mai saye ba zai taɓa gani ba. Baduku zai iya yin ha'inci a nan, ya rage zare, ya sa fatar da ba ta jemu ba, ba mai kama shi sai bayan an yi wata biyu takalmi ya buɗe baki. Idan tsohonka ya kyautata wannan ɗinkin na ɓoye don tsoron Allah, ya kawo kuɗin gida halal ɗinsa, to ayar Mulk a kansa take magana. Abin da ya sa aka yi taurari da yawa haka kuwa, ba a zayyana mana shi ɗaya bayan ɗaya ba. Mala'iku da suka tambaya cewa aka yi da su, Ni na san abin da ba ku sani ba. Amma an yabi masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa, a ƙarshen Ali Imrana, waɗanda tunanin yake kai su ga cewa Ubangiji bai halicci wannan a banza ba. Ajinka wurin irin wannan tunanin ne, in ka so.

Ka ce ƙarshenta rami ne. Ramin gaskiya ne, ni da hannuna nake saka mutane a ciki, ba zan ce maka ba ya da ban tsoro ba. Sai dai mu a wurinmu ba a nan littafi yake rufewa ba. Hadisi ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Na ukun kai ne. Na biyun ma yana da rabo a ciki, don duk yaron da ya fahimci darasi a hannunka, da kuɗin jaka da takalmi aka kai ka inda ka koyo shi. Bishiyoyin dalbejiya da suka yi wa titunan Marwa rumfa, da yawa daga waɗanda suka dasa su suka yi ta ɗaukar ruwa suna ba su sun riga mu gidan gaskiya, ba ka san sunan ko ɗaya ba, kuma kullum a inuwarsu kake bi zuwa aiki. Annabi (SAW) ya ce ko alƙiyama ce za ta tashi, in akwai dashe a hannun ɗayanku kuma zai iya dasawa, to ya dasa.

Salla kada ka bari, ko da zuciya ba ta hallara ba. Makoki yana busar da zuciya na ɗan lokaci, tana dawowa. Ka bincika ko akwai bashi a kansa da ba a faɗa ba, musamman wurin majema da masu sayar masa da kaya. Kayan aikinsa kada su yi tsatsa a ɗaki, in yana da yaron rumfa da ya iya, a ba shi bayan magada sun yarda. Ka riƙa zuwa gaida abokansa, wannan yana cikin biyayyar da ake yi wa uba bayan ransa. Ka zauna da mahaifiyarka in tana raye, ku yi hirarsa, kada kowa ya shige ɗaki da nasa. In kuma ka ga barci ya ƙaurace maka, abinci ba ya shiga, ko ka fara jin zaman duniyar ma ya ishe ka, to kada ka tsaya jiran amsata a mujalla. Ka faɗa wa wani na kusa da kai a ranar, ku je asibiti ku ga likita. Wannan ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne.

TAMBAYA

Malam, na ji a rediyo wai masana sun ce rana za ta mutu nan da shekara biliyan 5. Ashe sun san ranar tashin alƙiyama ke nan?

'Yarka, daga Kusiri.

AMSA

A'a, 'yata. Abin da suka lissafa shi ne tsawon lokacin da makamashin da ke cikin rana zai ɗauka kafin ya ƙare, idan komai ya ci gaba da tafiya yadda yake yanzu. Lissafi ne mai kyau a fagensa, ba kuma su ce sun san alƙiyama ba. Lokacin tashinta Mala'ika Jibrilu ya tambayi Annabi (SAW), ya amsa masa cewa wanda ake tambaya bai fi mai tambayar sani ba. Ki gaida mutanen bakin Logon.