Sauron da ta sha jini jiya ba ita ce ta yau ba

Ɗana, ka tambaye ni abu biyu: me ya sa ba ma ba sauro jini a ranar da suka fito daga ruwa, kuma me ya sa nake matsa maka ka rubuta awar da kowane keji ya sha jini kafin ka taɓa wuƙar fiɗa. Amsarsu ɗaya ce.

Ƙwayoyin gadon da ke jikin macen sauro ba sa canzawa daga fitowarta har mutuwarta. Abin da ke canzawa shi ne waɗanda ke aiki da waɗanda ke barci a kowace awa, kuma shi muke aunawa idan muka ciro RNA, wato kwafin saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa idan tana aiki. Ɗauki nau'in sauron da ake kira Aedes aegypti, wadda aka fi sanin lamarinta, tunda an fara buga kundin gadonta a 2007. Kwanaki ukun farko bayan ta fito da fukafukai, ruwan sukari take sha, kai kuwa kana ganin zaman banza take yi. A lokacin ne wasu ƙananan gaɓoɓi a bayan ƙwaƙwalwarta ke sakin sinadarin da ake kira hormon na ƙuruciya. Shi ke shirya shimfiɗar kitsen da ke manne da bangon cikinta, ya tara mata injinan ƙera furotin, ya kuma kai jakunkunan ƙwai wani matsayi su tsaya cak. Ka ba ta jini kafin wannan shiri ya kammala, ko ta ƙi sha, ko ta sha ƙwan ya zo kaɗan. Shi ya sa muke jira.

Wannan kitsen kada ka raina shi. Aikin hanta yake yi mata, kuma a can ake ƙera gwaiduwar ƙwai.

Da jini ya shiga, komai sai ya tashi. Hanji ya fara fitar da sinadaran narka furotin, gutsattsarin furotin ɗin su shiga jikinta, su taɓa wata hanyar saƙo a cikin kitse da ake kira TOR. Ƙwaƙwalwa ta saki nata saƙon, har da wasu 'yan uwan insulin, su umarci jakar ƙwai ta fitar da hormon mai suna ekdison. Henry Hagedorn da abokan aikinsa ne suka nuna a 1975 cewa daga jakar ƙwai yake fitowa, abin da ya ba mutane mamaki, don a da an san shi ne da sa tsutsa ta saɓule fata. Kitse ya juya shi zuwa sigarsa mai ƙarfi, wadda ke kai ƙololuwa wajen awa 18 bayan shan jini. Ita ce ke tada ƙwayar gadon bitelojenin, uwar gwaiduwa. Amma sai da abinci: hormon ba tare da furotin na jini ba, aikin ba ya tafiya yadda ya kamata. Wajen awa 24 bitelojenin na kan ganiyarsa, kitse na zuba shi cikin ruwan jiki, ƙwayayen na zuƙe shi ta wata kafa ta musamman a fatarsu. Kafin awa 36 an kashe shi. Kitsen ya cinye injinan da ya gina da kansa, ya koma shirin zagaye na gaba, aiki ya koma kan ƙera ɓawon ƙwai. Wajen kwana uku ta nemi bakin ruwa ta zuba.

To ka gani. Idan ka feɗe rabin keji a awa 20, sauran a awa 34, ka haɗa su a kwalba ɗaya, sakamakon da za ka samu na wata sauro ce da ba a taɓa halitta ba. Ni a wurina gara samfuri biyar masu awa a rubuce da hamsin da aka ce “jiya suka sha”. Kuma waɗannan awoyi na ɗaki ne mai zafin digiri 27; ɗakin ya yi sanyi, komai ya ja baya.

Kada kuma ka ɗauki agogon Aedes ka rataya wa kowane ƙwaro mai shan jini. A sauron Anopheles gambiae, namiji na tura wa mace hormon ekdison ɗin nan lokacin barbara, don haka budurwa da wadda aka barbara ba a keji ɗaya ake lissafa su ba. Akwai wani nau'in sauron Culex da ke zuba ƙwan farko ba ta ɗanɗana jini ba, da guzurin da ta tara tun tana tsutsa. Ƙudan tsando kuwa tsutsa ɗaya take reno a ciki, tana shayar da ita wani irin nono, har ta haife ta.

Gobe idan ka cire farantin jini, nan take ka ware waɗanda cikinsu ya yi ja ya tashi, ka fitar da masu rabin ciki, ka rubuta awa da minti a jikin kejin. Kitse da jakar ƙwai kuma kowanne da kwalbarsa, kan ƙanƙara, sannan firiza ba tare da jinkiri ba, don RNA ba ta jure zama a kan teburi.