Amsa ga ƙanenmu mai lamba biyar, kan maganar allurar gwiwa

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, tun jiya da daddare na ga tambayarka, sau biyu ina fara rubutu ina gogewa, don ka fama mini tsohon miki. Ka ce gwiwarka ta kumbura tun wasan makon jiya, in ka juya da sauri sai ka ji kamar za ta goce, koci kuma ya ce a yi maka allurar kashe zafi ka buga na ranar Lahadi saboda wani ajan, wato dillalin 'yan ƙwallo, zai zo kallo, kai kuma kana tsoron in ka zauna a benci wani ya gaje rigar. Don Allah don Annabi kada ka buga.

Ni ma haka aka yi mini. Ina wani kulob na rukuni na biyu a lokacin, ba a Jos ba, sunan ba shi da amfani. Ciyaman da kansa ya shigo ɗakin canza kaya, abin da bai taɓa yi ba, ya dafa kafaɗata yana cewa ni ne katangarsu, wai akwai mutum daga waje da ya zo musamman domina. Ga yarinta ga son a yabe ni, kaina ya fasu. Aka yi mini allurar, zafin ya ɗauke tas, har ina tsalle a gaban yara ina nuna musu.

Bayan an dawo hutun rabin lokaci aka cillo doguwar ƙwallo ta bayana, wani siririn yaro mai gudu kamar barewa ya bi ta. Na juya zan bi shi, takalmina ya kafe a ƙasa, jikina ya tafi ya bar ƙafar. Babu wanda ya taɓa ni, ko iska. Sai dai na ji ɗas! a cikin gwiwa, har golanmu ya ce ya ji. Alƙalin wasa bai ma busa ba, ai ba keta aka yi ba. Ina kwance ina dukan ƙasa suka ci mu, 'yan kallo na zagina wai na yi lambo ne don yaron ya wuce ni. Har gobe wannan zagin ya fi mini ciwo a kan gwiwar. Mutum biyu suka ciccibe ni, aka ɗaura mini ledar fiya wata mai ƙanƙara, muka kwana a mota a hanyar dawowa, kafin asuba gwiwa ta zama kamar kabewa. Shi kuwa baƙon da aka ce ya zo domina, har yau ban ga wanda ya ce ya gan shi ba.

Hoton ƙashi aka fara yi, aka ce ba karaya, na yi ta murna. Ka kiyayi wannan murnar. Jijiyar da ke tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, ba ta fitowa a hoton ƙashi, sai an yi MRI, wato hoton da ke nuna jijiyoyi. Hajiyarmu, Allah ya saka mata, ta kai ni wurin mai ɗori, ya ja ƙafar nan har na kusa suma. Ba raina sana'arsa nake ba, targaɗe da karaya ya san su, amma jijiyar da ta tsinke a ciki ba ja ke haɗa ta ba. Sai da na ɓata wata uku kafin likitan ƙashi ya gaya mini gaskiya, ya ce da alama ta fara tsagewa tun farko, allurar ta rufe mini baki ne kawai, ni kuma na ƙarasa ta da ƙafata.

To, sai ciyaman. Ina bin su albashin wata biyar da ragowar kuɗin sa hannu. Na ɗauki sanduna na je ƙofar gidansa tun bayan sallar asuba, maigadi ya ce ya fita, ga motarsa ina kallo ta ramin get. Kwana uku ina wannan zarya. Ranar da ya fito, ko gilashi bai sauke duka ba, ya ce ƙaddara ce, in yi haƙuri, kuma ba na cikin lissafinsu na kaka mai zuwa. Na ce ranka ya daɗe, ai kai ka ce in buga. Ya ce shi ya riƙe mini allurar? Ya miƙo mini kuɗin mota kamar almajiri. Mutumin da ya ce ni ne katangarsa! Na karɓa kuwa, don ba ni da na komawa gida, kuma wannan karɓar ce ban yafe wa kaina ba. Na bar shi da Allah, amma ba zan yi maka ƙarya in ce na manta ba.

Kana da kwafin kwantiraginka a hannu? Ni ban da shi, na sa hannu sun kwashe takardun, da na tashi kai ƙara ba ni da abin nunawa. Yau ɗin nan ka nemi naka, ka ɗauki hotonsa a waya, ka duba ko an rubuta wanda zai biya magani in ka ji rauni.

Shekarar 2017 da Plateau United ta ɗauki kofin gasar ƙasa a ƙarƙashin koci Kennedy Boboye, gari ya ɗinke, daga ɗaki nake jin hon ɗin 'yan Keke Napep ta Bauchi Road, ni kuwa ina kwance an yi mini aiki da kuɗin filin da yayana ya sayar. Na taya su murna, amma na yi kuka.

Kai shekarunka 21 fa. Gaggawar me kake yi? Ɗan gaba shi ne zai ci ƙwallo biyu rana ɗaya a ɗauke shi, kamar yadda Ahmed Musa ya ci 18 a kaka guda a Kano Pillars ya wuce Holan. Mu 'yan baya ba a sayenmu da wasa ɗaya, sai an ga kaka guda ana tsayuwa, an ga yadda kake karanta ƙwallo da yadda kake tsawata wa na kusa da kai. Godfrey Oboabona yana Sunshine Stars ta Akure marigayi Keshi, kocin Najeriya a lokacin, ya tafi da shi kofin Afirka na 2013, suka ciyo, sannan Turkiyya ta kira shi. Troost-Ekong yana da shekara 30 aka ba shi gwarzon gasar Afirka a Abidjan a 2024. Van Dijk ma da jijiyarsa ta tsinke a wasan Everton a Oktoban 2020, duk da likitocin Liverpool, bai sake buga gasa ba sai Agustan 2021. Kai da ba ka da ko inshora za ka yi wa gwiwa wayo? Kuma mu 'yan Jos bai kamata a koya mana darajar ɗan baya ba, garin marigayi Isma'ila Mabo ne fa, na Mighty Jets ɗin da suka fara cin gasar ƙasa a 1972.

Shi ajan ɗin, ka tambayi sunansa, ka ce a nuna maka lasisinsa na FIFA. In na gaske ne zai jira ka warke. In ya fara zancen ka kawo kuɗin biza, ka san inda aka dosa. Wani abokina haka aka kwashe shi, amma wannan labarin wata rana ne.

Koci zai yi fushi, ƙila ya ajiye ka wasa uku ko huɗu. Ka je da babba, mahaifinka ko kawunka, ya yi masa magana, kada ka tsaya musu da shi a gaban yara. Ka ɗaga ƙafar sama, ka sa ƙanƙara, ka daina ko da ɗan taɓa-taɓan yamma a unguwa, gobe Juma'a ka nemi likitan ƙashi ya murɗa gwiwar da hannunsa ya gani. In kuɗin MRI ne matsala ka faɗa a nan, mu yi karo-karo, ni zan fara. Ina da abin ɗaure gwiwa da sandunan da na yi amfani da su, suna nan a bayan ƙofa, ka turo mini saƙo in aiko yaro ya kawo maka Terminus.