Tambaya da Amsa: Biki a Ƙasar Waje, Ta Ina Ake Farawa?

Wasiƙun wannan wata kusan duka a kan abu ɗaya suka zo, wato kai biki ƙasar waje. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Assalamu alaikum. 'Yata za ta yi aure bayan Babbar Sallah, ita da angon sun nace a Dubai za a yi biki. Mahaifinta ya ce in dai za a je, to har ɗaurin auren a can za a yi. Hakan zai yiwu? — Hajiya Binta, Unguwar Rimi

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Shawararmu ita ce a ɗaura auren a nan Kaduna, walima kawai za a tafi da ita. Ki lallashi Alhaji ya duba dalilan.

Ta fuskar addini, in an samu waliyyi da sadaki da siga da shaidu biyu adilai, aure ya ƙullu ko a wace ƙasa ake. Takarda ce matsalar. Kotun Dubai ba ta ɗaura wa Musulmi aure sai ɗaya daga cikin mutum uku, ango ko amarya ko waliyyinta, yana da iƙamar zama a ƙasar, kuma sai an kawo sakamakon gwajin lafiya daga asibitin da hukumarsu ta yarda da shi. Wanda ya shiga da bizar yawon buɗe ido bai cika sharaɗin farko ba. In kuma aka samo wani malami ya ɗaura a ɗakin taron otal, za a dawo gida ba takardar da wata hukuma za ta karɓa. Sauran ƙasashen ma haka abin yake: hukumar Turkiyya auren da aka yi wa rajista kaɗai ta sani, a Maroko kuwa sai alƙalin kotun iyali ya ba da izini kafin adulai, wato masu rubuta aure na hukuma, su rubuta auren baƙo, abin da kan ci makonni.

A ɗaura a masallacin unguwa ko a Masallacin Sultan Bello, yadda aka saba, kowa ya shaida. A karɓi takardar shaidar aure, a tabbatar da ita a kotun shari'a, a kuma duba sunayen da ke jiki harafi bayan harafi, su yi daidai da na fasfo. Muhammad a takarda, Mohammed a fasfo, ya isa ya jawo tambayoyi. In ma'auratan za su yi amfani da takardar a waje, kamar neman iƙama nan gaba, sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga mata hatimi, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta, wani lokaci da fassarar Larabci.

Akwai abin da muke so ki riƙe da kyau. Wani ejan zai ce a je rajista a yi "auren kotu" don biza ta fi saurin fitowa. Kada a yi sai an zauna da lauya. Auren da aka yi ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya na mace ɗaya ne, kuma yana iya rikita rabon gado daga baya.

Ki kuma lura da lokaci. A shekarun nan Babbar Sallah a Mayu ko Yuni take faɗowa, Dubai kuwa daga Yuni zuwa Satumba zafinta na wuce digiri 40. Otal ya fi araha a lokacin, amma duk wani taro a fili ko bakin ruwa a cire shi daga lissafi, musamman in za a tafi da tsofaffi.

Ni ce amaryar. Mun lissafa mutum 45 da za su je. Wata nawa ya kamata mu fara shiri, kuma wace ƙasa ce ta fi sauƙin biza? — Fatima, Malali

Amarya, Allah ya nuna mana lokacin. Wata tara zuwa shekara guda, kuma da fasfo za ki fara, ba da hotunan otal ba. Ki sa kowa daga cikin mutum 45 ɗin ya turo hoton shafin fasfonsa mai ɗauke da suna, a wannan makon. Za ki tarar da waɗanda nasu ya ƙare, da waɗanda ba su taɓa yi ba, da waɗanda nasu zai ƙare daf da biki. Galibin ƙasashe suna so fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida ranar shiga. Mai sabuntawa ya fara duba ko suna da ranar haihuwa a lambarsa ta NIN sun yi daidai da na tsohon fasfo, don gyaran wannan ne ke cin lokaci fiye da fasfon kansa.

Mafi sauƙi su ne ƙasashen ECOWAS irin Ghana, Senegal da Gambiya, inda ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza. Ruwanda na ba 'yan Afirka izinin kwana 30 a filin jirgi. Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya da mutane ke ɗauka mai sauƙi ce, ba haka take ba: bizar ɗan Najeriya zuwa Tanzaniya sai an tura ta hedikwatar shige da fice ta can ta amince, ba a samunta a filin jirgi, kuma tun 1 ga Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar ta dala 44. Masar, Maroko da Turkiyya duk sai an nema tun daga gida, da bayanan asusun banki da shaidar aiki. Dubai kuwa ki tuna cewa ta rufe wa 'yan Najeriya biza a 2022, sai a Yulin 2024 aka buɗe, kuma sharuɗɗanta suna yawan sauyawa. Abin da ejan ya gaya miki watan jiya, ki sake tambayarsa yau.

Waɗanda aka fi hana wa biza su ne matasa marasa aure, masu sabon fasfo da ba hatimi ko ɗaya a ciki, waɗanda ba su da tsayayyen albashi. Ki duba jerinki, za ki ga ƙawayenki ne da abokan ango. Mai kwalliya da mai ɗaurin ɗankwali da mai hoto ma suna cikin wannan sahu, ga kuma ƙarin cewa yin aikin kuɗi da bizar yawon buɗe ido laifi ne a Dubai. Ki nemo waɗanda ke zaune a can, akwai 'yan Najeriya da suka iya ɗauri, ki yi gwajin kwalliya da su kwana biyu kafin taro.

Wata damuwar ita ce biza ba ta nemuwa da wuri sosai. Ta Dubai in ta fito, sai an shiga da ita cikin kwana 60, alhali otal zai nemi kafin alƙalami tun watanni kafin nan. Don haka a rubuta a cikin yarjejeniya abin da zai faru in aka hana ango, amarya ko iyayensu biza: a mayar da kuɗi ne, ko a ɗaga rana. Otal ɗin da ya ƙi rubuta wannan, a bar shi.

Kowa ya mallaki katin rigakafin cutar shawara. Allura ɗaya ce ta har abada, amma katin ba ya fara aiki sai kwana goma bayan an yi ta. Yaron da zai tafi ba tare da iyayensa biyu ba, a riƙe masa takardar haihuwa da rubutaccen izinin wanda bai je ba.

Wani otal a Dubai ya turo mini farashin abinci dirhami 300 kowane mutum, da alamar ++ a gefe. Mu 60 ne. Dirhami 18,000 ke nan, ko? — Injiniya Sadiq, Barnawa

A'a Injiniya. Alamar nan tana nufin ba a saka kuɗin hidima da haraji ba. A otal-otal na Dubai ana ɗora kashi 10 na hidima, kashi 7 na hukumar birni, da kashi 5 na harajin VAT. Dirhami 18,000 ɗinka zai koma kusan 22,000, wato kusan dala 6,000, tunda dala ɗaya dirhami 3.67 ce. Ɗakunan kwana kuma akwai harajin yawon buɗe ido na dirhami 7 zuwa 20 a kowane ɗaki kowane dare, gwargwadon darajar otal.

Ka ce su turo maka jimilla ɗaya da komai a ciki, sannan ka tambayi waɗannan a rubuce: ko farashin ya haɗa da dandamali da lasifika da fitilu, ƙarfe nawa za a tashi kuma nawa ne kowace awa in an zarce, da mafi ƙarancin kuɗin da dole a kashe ko da mutane sun ragu. Wannan na ƙarshe shi ke cin mutane. An yi yarjejeniya a kan 60, biza ta fito wa 41, otal ya ce kuɗin 60 za a biya. Ka sa hannu a kan adadin da ka tabbata da shi, ka nemi damar ƙarawa zuwa mako biyu kafin taro. Ka kuma tambayi batun abincinmu. Otal-otal da yawa ba sa barin a shigo da dafaffen abinci daga waje, masu bari kuma suna cajin kuɗi. In iyaye ba za su iya kwana huɗu ba tuwo ba masa, gara a kama musu gida mai kicin kusa da otal.

Ka yi kasafinka da dala, ba da naira ba. A Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya biya kafin alƙalami a farkon wannan tsakani ya biya ciko a ƙarshensa ya san abin da muke nufi. Ka riƙa sayen dalar kaɗan-kaɗan kana ajiyewa a asusun dala, ka ware kashi 15 na ko-ta-kwana. Kuɗin kuma asusun otal ɗin kansa za a tura, ba asusun wani mutum ba, kuma duk saƙon imel da ya ce "mun canza lambar asusu", ka kira otal ɗin a waya kafin ka tura ko sisi.

Tun a katin gayyata a faɗa wa kowa abin da aka ɗauke masa: tikiti, ɗaki, biza, ko abincin ranar taro kawai. Kunya ta hana a faɗa a Kaduna, sai a zo ana jayayya a gaban teburin karɓar baƙi.

Ni gwaggon amarya ce, ni aka ɗora wa kaya. Me zan ɗauka, me zan bari? — Hajiya Ladidi, Tudun Wada

Hajiya, sannu da ɗawainiya. Lefe da kayan gara su zauna a gida. Galibin jiragen da ke tashi daga Najeriya akwati biyu masu kilo 23 suke ba kowane fasinja, abin da ya haura kuwa da dala ake biya. A raba anko a nan, kowa ya ɗinka, ya sa a akwatinsa. Telan amarya ya gama aiki wata guda kafin tafiya. Rigar ranar taro da takalmi da ɗankwali da gwal su shiga jakar hannu, don akwati na iya kwana a Addis Ababa ko Alƙahira ya iso bayan an watse.

Humra da turaren jiki su shiga babban akwati, a naɗe murfin da leda da salatif, tunda ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa a jakar hannu. Gawayin turare a bar shi, ba a shiga jirgi da shi, kuma ana samunsa a can. Ki ja wa 'yan mata kunne a kan kunna turaren wuta a ɗakin otal. A rufin kowane ɗaki akwai 'yar na'ura mai jin hayaƙi, kasko ɗaya ya isa ya tayar da ƙararrawar gobara, a fito da mutanen bene gaba ɗaya, a kuma ci tarar mai ɗakin. Ƙaramin kaskon lantarki ma sai an tambayi otal inda aka yarda a kunna.

Kilishi da dambun nama ana iya ƙwace su a kwastam, ƙasashe da yawa ba sa barin nama ya shigo ta hannun fasinja. Goro haramtacce ne a Saudiyya. Magani kuwa shi ya fi komai haɗari: tramadol da maganin tari mai kodin suna kai mutum kurkuku a Dubai da Masar. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tafi da maganinsa cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Kada ki karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da wanda kika sani ne.

Wanda ke riƙe da kuɗin da suka haura dala 10,000 sai ya bayyana wa kwastam kafin ya fita Najeriya. A Dubai, kuɗi ko gwal da suka wuce dirhami 60,000 ana bayyana su a shiga. A tafi da rasiɗin gwal. Ki kuma gaya wa mai hoto ya bar jirginsa maras matuƙi a gida in Masar ko Maroko za a je, a filin jirgi za a karɓe shi.

Daga Kaduna za mu tashi mu duka. Ya za mu tsara tafiyar? — Malam Usman, Kawo

Malam, ta Abuja ko Kano za ku fita. In kun kai mutum goma, ku nemi farashin rukuni daga kamfanin jirgi, yana ba ku damar riƙe kujeru kafin a kammala sunaye. Kada ku hau jirgin ƙasa daga Rigasa a ranar da jirgin sama zai tashi. Ku isa Abuja kwana ɗaya kafin nan ku kwana, don in jirgin ƙasa ya yi latti ko hanya ta cushe, tikitin mutum arba'in ne zai iya salwanta.

Ango da amarya da wanda ke riƙe da yarjejeniyar otal su riga kowa da kwana uku, su ga ɗakin taro da idonsu, su ɗanɗana abincin. Sauran su isa kwana biyu kafin taro. A nema wa tsofaffi keken guragu tun lokacin sayen tikiti, kyauta ne, kuma filayen jirgin Istanbul da Dubai tafiya ce mai nisa a ƙafa. A naɗa mutum ɗaya a kowane jirgi da zai riƙe kwafin fasfo da biza da adireshin otal na kowa a takarda, ba a waya kawai ba, ya kuma ƙirga mutane a wurin sauya jirgi kafin a shiga na biyu.